Shafukan Jan Biro

Marubuciyar tana cikin sa hannu a littafi na talatin da wani abu sai mai kantin littattafan ya sake sunkuyowa, ya tambaye ta tsohon littafin rubutun nan. Ya riga ya yi wa yaran da ke layi alkawarin za su ga inda labarin ya faro, da rubutun hannunta na 'yar shekara goma sha biyu. Marubuciyar ta ce ta manto shi a gida. Ƙarya take shararawa. Yana nan cikin jakarta, jingine da ƙafar kujera, ita ce dai ba ta da ƙarfin halin fito da shi.

Dalili kuwa, rabin littafin rubutun da jan biro aka cika shi, kuma ba hannunta ba ne.

Su biyu suka ƙago labarin, ita da ƙawarta ta benci ɗaya a makaranta. Labarin wasu 'yan mata ne biyu masu koyon sihiri a wajen wata tsohuwa: Mai Tsuntsaye, wadda ke aiken tsuntsu ko'ina, da Mai Inuwa, wadda ke kama inuwar abu ta naɗe ta kamar igiya. Kullum cikin gasa suke, amma ba sa rabuwa. Mai Tsuntsaye ta marubuciyar ce, da shuɗin biro. Mai Inuwa ta ƙawar ce, da ja, har 'yan aji suka laƙaba mata Jan Biro. Doka ɗaya gare su: kowa ta rubuta shafinta, sai ta jefa yarinyar 'yar'uwarta cikin bala'i, ta miƙa littafin. Washegari waccan ta fid da tata, ta rama.

Wata rana malamin adabi ya kama littafin a ƙarƙashin benci. Maimakon bulala, sai ya karanta wa aji, kuma shafukan ja kaɗai ya zaɓa, yana ta gyaɗa kai. Abin ya tsaya wa marubuciyar a rai, ba kaɗan ba. Da ta koma gida ta jefa Mai Inuwa cikin busasshiyar rijiya mai zurfi, inda babu haske balle inuwar da za ta kama. Da Jan Biro ta miƙo hannu da safe, sai ta ce littafin ya ɓata. Yarinyar nan ta yi sati tana duba ƙarƙashin bencuna da bayan aji, ita kuma tana taya ta nema, don rashin kunya. A ƙarshen shekara aka canza wa mahaifin Jan Biro wurin aiki, suka tashi.

Shekara ashirin da shida ke nan. Bara ta kakkaɓe littafin ta buga shi, ta gyara nata shafukan, na ja kuwa ko wasali ba ta taɓa ba, don babu abin gyarawa. Sunanta kaɗai ke bango. Kuma duk yaron da ya zo gaban teburin nan yau, Mai Inuwa yake tambaya: me ya sa aka bar ta a rijiya? Ta ce musu sai a littafi na biyu. Gaskiyar magana, wata takwas tana neman hanyar fid da ita, ta rasa.

Layi ya kusa ƙarewa sai wata mata cikin kayan ma'aikatan jinya ta ajiye littafi a gabanta. Bangon ya riga ya lanƙwashe don karatu. Marubuciyar ta tambayi sunan da za ta rubuta ba tare da ta ɗago ba.

"Rubuta Jan Biro," in ji matar.

Ta ɗago. Fuskar ta cika, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, amma wushiryar tana nan. Jan Biro ce ta yi bayani, a natse, kamar mai karanta katin majiyyaci: 'yarta ce ta aro littafin a makaranta ta nace sai an karanta mata, a shafi na uku ta ji maganarta ta yarinta tana fitowa daga bakinta.

"Ashe bai ɓata ba, ƙawata."

Marubuciyar ta so ta ce yarinta ce, ta so ta ce ta neme ta ba ta same ta ba. Ba ta neme ta ba, ko sau ɗaya. Kunya ta rufe ta har wuya. Ta sunkuya ta zaro tsohon littafin ta buɗe shi a kan tebur, ja da shuɗi, ja da shuɗi, a gaban mai kanti da sauran yaran da iyayensu.

"Rabin nan nata ne," ta ce. "Rabin da kuke so."

Mai kantin ya sunkuyo yana kallon shafukan. Jan Biro ba ta ko dube shi ba. Ta juya zuwa shafin ƙarshe, inda shuɗin rubutu ya tsaya, ta laluba aljihun rigarta ta ciro jan biron da take cike katin marasa lafiya da shi. Ta ce a matsa mata, ta zauna a gefen kujerar kamar dā.

Marubuciyar ta tambaye ta a hankali ko akwai mafita, don ita ta toshe ko'ina.

"Tun a hanyar makaranta ran nan na san ki, na san rami za ki jefa ta," in ji Jan Biro, tana gwada biron a gefen takarda. "Da rana tsaka, Mai Tsuntsaye za ta leƙa rijiyar. Inuwarta ta faɗa ciki, waccan ta kama ta hau. Shi ke nan."

Ta fara rubutu, kanta a sunkuye.

"Leƙowa kawai za ki yi," ta ce. "Ba ki leƙo ba."