Aman Bahijja a Jirgin Ruwa

Bahijja ita ce autata. Gwaggonta Hajiya Bintu, ƙanwar babanta, ta tafi da ita Umara don ta riƙa kama mata jaka, saboda ciwon gwiwa. Na yi murna, na ce yarinya za ta ga Ka'aba kafin bikinta, don an riga an kawo lefe daga gidan su Ɗahiru na Ƙofar Mata. Da suka gama ibada, maimakon su dawo gida, sai Mubarak ɗan Hajiyar ya ce sai sun hau jirgin ruwan shaƙatawa daga Jidda. Wai jirgin har ɗakin kallo gare shi.

A ɗakin kallon nan abin ya faru. Yadda ta ba ni labari, an kashe fitilu, ba taga ko ɗaya, kujera na tafiya da ita hagu da dama, labule na lilo, a can gaba kuma wasu na juyi a kan igiya. Ta ce wa Mubarak zuciyarta na tashi, ya ce ta daure an kusa gamawa. Ta rufe ido, jiri ya ƙaru. Ta miƙe za ta fita, ƙafafun mutane sun tare hanya, kafin ta kai ƙofa ta durƙusa ta yi amai a cikin mayafinta. Shi kuwa sakaran, maimakon ya nemo mata ruwa, waya ya ɗaga. Ya ɗora a sitatus, ya rubuta wai amarya ba lafiya.

Yarinyar nan tun tana goye, in za mu shiga motar Wudil sai na tafi da leda da lemon tsami. Kowa a gidanmu ya sani. Amma matan unguwarmu ta Dala ba jirgi suka kalla ba, budurwa suka kalla tana amai.

Ba su daɗe da dawowa ba, ina tsakar gida ina gyaran zogale, sai ga 'Yardada, yayar baban Ɗahiru. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo zamzam da dabino. Ta sha, ta ci, ta sa albarka. Sannan ta fara kewaye-kewaye, wai su ba zargi suke ba, amma magana ta yi yawa a gari, kuma tafiyar ta ɗauki lokaci, ga ɗan'uwa namiji a cikinta. In ba damuwa, a je asibiti a duba yarinyar.

Na ce, "Hajiya, da zamzam ɗin da ta ɗauko miki a bakinki kike mata ƙazafi? Kin san hukuncin wannan a wurin Allah?"

Ta ce in yi haƙuri, ita 'yar aike ce. Na ce to ta koma ta gaya wa wanda ya aiko ta, 'yata ba akuya ba ce da za a latsa cikinta kafin a saya. Ina naɗe tabarmar tana kai, Bahijja ta fito daga ɗaki da hijabinta a jiki.

"Umma, ki bari mu je."

Na ce ba inda za ta.

"In ban je ba, har in mutu ana nuna ni. Amma da ke za a je, Gwaggo 'Yardada, ki ji da kunnenki."

Da ƙafa muka tafi. Ban yarda an tari adaidaita ba, kar ta sake jin jiri a gaban matar nan ta samu abin ƙarawa. Ina tafe ina hasbunallahu, mutane na gaishe ni ba na ko gane su. Nas ta yi abin da za ta yi, ta fito ta ce babu komai, ta bi mu da wani kallo da har yanzu yake min ciwo. 'Yardada ta kama washe baki, wai dama ita ta faɗa, 'yar gidan tarbiyya ce. Na kama hannun 'yata muka dawo gida.

Bayan la'asar Ɗahiru ya zo zaure. Abu ɗaya na tambaye shi, ko da saninsa aka zo. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya sani. Wai shi bai taɓa shakka ba, ya ga dai hakan zai rufe bakin mutane. Na ce shi nasa bakin me ya hana shi buɗewa a gidansu?

Bahijja na bayan ƙyaure, ta ji duka. Da ya tafi ta ce in gaya wa Malam babanta a mayar musu da akwatunansu. Malam ya ce ta yi istihara tukuna, aure ba a fasa shi cikin fushi. Ta yi. Ta dawo da maganarta yadda take.

Malam ya so a bari sai bayan magariba, a fitar da kayan a rufe. Na ce a'a. Da rana tsaka aka jera su a ƙofar gida, na tsaya a kai ana lodawa, duk wadda ta leƙo na gaya mata mu ne muka fasa.