Alhaji Muttaka a Gaban Ɗiyar Masinja

Shekara talatin da biyar Alhaji Muttaka ya yi yana aikin gwamnati, har ya kai muƙamin darakta, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa haɗuwa da wanda ya ga ya kai shi hankali ba. Na ƙasa da shi jahilai ne. Na sama da shi kuwa ɗaurin gindi ne ya kai su. Da ya yi ritaya ya koma gidansa na GRA, sai ya rasa wanda zai raina in ban da matarsa Hajiya Madina da masu karanta labarai a rediyo, waɗanda yake gyara wa Hausa yana kishingiɗe a falo.

Wata bakwai da ajiye aiki abin ya fara samunsa. An gayyace shi ɗaurin aure, ya isa cikin babbar riga, ya tarar 'yan siyasa da 'yan kwangila sun cika dardumar gaba. Wani da ya taɓa riƙe masa jaka ya nuna masa tabarmar baya. Yana zama ƙirjinsa ya ɗaure kamar an ja shi da igiya, gumi ya karyo masa, hannuwansa suka mutu. Ya tabbata ajali ne. Aka kwashe shi zuwa asibiti, aka yi gwaje-gwaje, ba a ga komai ba.

Karo na biyu a gida ya zo masa. Na uku kuwa a masallacin Juma'a, inda ya farfaɗo ya ga 'yan acaɓa da masu faci sun kewaye shi suna yi masa fifita da huluna. Wannan ya fi shi kansa ciwon ƙona masa rai.

"Alhaji, zuciyarka lafiya lau take," in ji Dakta Siddiq, likitan da ke duba shi. "Jini ya ɗan hau, amma ba shi ke kayar da kai ba. Fargaba ce ke taso maka. Zan tura ka wajen wata masaniyar halayyar ɗan Adam."

"Wato dai kana nufin na taɓu."

"Ban ce haka ba, ranka ya daɗe."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. Likitan da ko gemu bai gama haɗawa ba! Amma da ya tuna warin hulunan nan a fuskarsa, sai ya karɓi takardar.

Ofishin matar yana saman wani kantin magani kusa da Ƙofar Sauri. Ya hau matattakalar yana tsaki. A ciki ba ko tebur: kujeru biyu ne suna fuskantar juna, da fanka, da kwalin tishu a kan wata 'yar kujera. Ofishin da ba tebur ai ɗakin jira ne. Matar ta miƙe ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi gida da iyali da jiki. Sunanta Nafisa Lawal, ba za ta wuce shekara talatin da biyu ba. Ya ƙura mata ido, don ya san goshin nan da wannan wushiryar.

"Ke ba ɗiyar Lawal masinja ba ce?"

"Ni ce, Baba."

"Ikon Allah. Shekara goma sha ɗaya ubanki yana kawo mini shayi, bai taɓa sa sukari daidai ba. Yanzu ke ce za ki gyara mini ƙwaƙwalwa?"

"Ba gyara zan yi ba. Tare za mu duba abin da ke damunka. In kuma sanin da ka yi wa mahaifina zai takura ka, akwai wani abokin aikina da zan iya tura ka wajensa."

Ya ce ba abin da zai takura shi. Shi da ya zauna da gwamnoni, ɗiyar masinja ce za ta takura shi?

Zama na farko ya tafi a tambayoyi, yana ba ta amsa kamar mai sa hannu a takardar da bai karanta ba. A zama na biyu ta ce za ta koya masa wani abu: ya zauna daidai, ya runtse ido, ya bi numfashinsa yana shiga yana fita. Duk tunanin da ya zo, ya lura da shi, ya raɗa masa suna a zuci, ya ƙyale shi ya wuce.

"A ina aka koya miki wannan shirmen?"

"A jami'a. Asalinsa daga mabiya addinin Buddha ne, can Asiya. Sun daɗe suna yi. Likitoci suka ɗauki zaman da lura da numfashin, suka bar musu ibadarsu. Ba abin da za ka ambata, ba abin da za ka rusuna wa. Ni ma sai da na tambayi malamina kafin na fara koyar da shi."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Masu aske kai ƙwal su yafa jan ƙyalle? Waɗannan ne za su koya mini shaƙar iska? Shekara sittin da ɗaya ina numfashi ba da taimakon kowa ba, yarinya."

"To minti biyar ba zai rage ka da komai ba, Baba."

Ya rufe ido don kawai ya nuna mata wautar abin. Da minti biyar suka cika ta tambaye shi me ya zo masa. Ya lissafa mata da jin daɗi: fankarta mai ƙara ce, ta talakawa, mai kantin ƙasa da ganinsa bai gama sakandare ba, Dakta Siddiq ɗan koyo ne, ita kanta da ta nemi aikin koyarwa da ya fi mata.

"Wane suna za ka ba waɗannan duka?"

"Gaskiya."

Ba ta yi musu ba, ta rubuta wani abu a littafinta. Wannan ya ba shi haushi fiye da in ta yi gardama.

A gida ya ba Hajiya Madina labari yana kwaikwayon muryar Nafisa. Hajiya tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, ta ce, "Amma dai mako biyu ke nan abin bai tashi ba." Ya ce ƙwayar hawan jini ce ke aiki, kuma ra'ayin wadda ta tsaya a aji uku ba shi ya nema ba. Duk da haka, bayan la'asar yakan shige ɗaki ya turo ƙofa ya yi zaman, wai don ya tara hujjar da zai ƙaryata yarinyar da ita.

A zama na huɗu ta ce su yi minti goma sha biyar. Da farko abin da ya saba ne ya riƙa zuwa, fuskokin wawayen da ya yi aiki da su, ɗaya bayan ɗaya. Can sai suka ƙare, aka bar shi da numfashinsa. Daga nan ya ji warin buhun gero da gumi, ya ga ƙofar makarantar kwana da ya yi, ranar ziyara. Wani mutum na tsaye cikin riga mai faci a kafaɗa, riƙe da ƙullin ƙuli-ƙuli da rogo, yana washe baki yana kiran "Muttaka! Muttaka!" Ɗan dako ne a kasuwa, wanda ya baro ƙauye da gammo kawai. 'Ya'yan manya suna tsaye gefe, ɗaya ya tambaya wane ne wannan. Shi kuma Muttaka ya ce, da ƙarfi yadda mutumin zai ji, "Baran gidanmu ne."

Ƙirjin Alhaji ya ɗaure. Ya buɗe ido yana haki.

"Kana nan tare da ni, Baba," in ji Nafisa a hankali. "Ka ji ƙafarka a ƙasa. Fitar da numfashin a hankali. Zai wuce."

Ya wuce kuwa, cikin minti uku, ba a kai shi ko'ina ba. Kafin ya ankara bakinsa ya riga ya faɗa mata komai: cewa mutumin mahaifinsa ne, ba malamin allo ba kamar yadda ya gaya mata a zaman farko, cewa tsohon ya ajiye ƙullin a ƙasa ya ce, "Ga saƙo in ji mutanen gida, ranka ya daɗe," ya juya, cewa har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba.

Nafisa ta tura masa kwalin tishu. Ya dubi kwalin, ya dubi ita, sai wani abu mai zafi ya taso masa. Shi Muttaka, a gaban ɗiyar Lawal!

"Wannan ne aikin naku?" ya ce yana miƙewa. "Ku sa dattijo ya rufe ido ku kwashe masa asiri? Boka ma ya fi ku mutunci, shi ko turare yana ba mutum."

"Abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita. Ina nan ranar Talata in ka so dawowa."

"Sai ki yi ta jira."

Bai koma ba. A majalisarsu ta tsofaffin ma'aikata ya ce ya je ya gani da idonsa, zaman banza ne aka sa wa sunan ilimi, yaran yanzu in sun rasa aiki sai su sayi kujeru biyu.

Bayan kwana tara, da hantsi, ya ɗauki mota shi kaɗai ya nufi maƙabartar da aka ce masa a nan aka rufe mahaifinsa. Ya samu mai gadin wurin, wani dattijo mai suna Sada, yana gyaran magirbi a gindin bishiyar bedi. Ya faɗa masa sunan mamacin.

"Wace shekara, Alhaji?"

Ya faɗa.

"Kai, an daɗe. Ta wane ɓangare kuka sa shi?"

"Ina Kaduna wajen kwas lokacin."

"To wa ya halarta cikin 'yan'uwa? Shi zai nuna maka."

Waɗanda suka halarta 'yan dako ne abokan tsohon, kuma Alhaji bai san sunan ko ɗaya ba. Ya dubi filin, tudun ƙasa bayan tudun ƙasa, wasu da guntun tulu a kai, wasu sun shafe. Ya hau Sada da faɗa: wane irin aiki ne wannan, ba lamba, ba rajista, ba tsari? Da a ƙarƙashinsa yake da tuni ya kore shi. Sada ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Addu'a dai ko daga nan ka yi tana isa, Alhaji," ya koma kan magirbinsa.

Alhaji ya tsaya a bakin katanga cikin rana, ya ɗaga hannu. Ya daɗe a haka, fiye da yadda ya yi niyya.

Ciwon bai rabu da shi gaba ɗaya ba. Ya sake taso masa sau biyu a shekarar, amma bai kai shi ƙasa ba, don ya san yadda zai zauna ya jira shi ya wuce. Da Dakta Siddiq ya tambaye shi yaya ya ga wajen Malama Nafisa, sai ya taɓe baki ya ce yarinyar dai tana da ladabi, amma ba ta gaya masa komai da bai riga ya sani ba.