Tabon da ke Ƙarƙashin Lalle

Sakamakon Amira ya dawo daga Yamai ranar Litinin: baƙin tabon da ke tafin ƙafarta ba ciwon daji ba ne. Likitar fata ce ta faɗa mata a asibitin Tawa, gaban mijinta Usama da yayarta Rabi.

Rabi ce ta fara ganin tabon, lokacin da take sa wa Amira lalle a gidansu na Tama. Daga ranar Usama bai zauna ba. Ya bar lambun albasarsa a hannun ƙaninsa, ya ari mota ya kai ta Tawa, aka yanki ɗan fata daga wurin, aka tura ɗakin bincike. Ya hana ta taka ƙasa. Har ruwan alwala shi yake kawo mata.

Rabi tana kallo. Nata mijin yana ci-rani a Abijan, in ya kira waya, gero yake tambaya da awaki. Ita ma tana da tabo a diddigen hagu, ya fi na Amira girma. Takan ninka masa lalle har wurin ya yi baƙi ƙirin, don kada a ce ta ga ana lallashin ƙanwarta ita ma ta ƙirƙiro ciwo.

"Naki ba abin tsoro ba ne," in ji likitar ga Amira. "Wanda muke tsoro shi ne mai yaɗuwa, bakinsa ba daidai ba, wani lokaci yana jini."

Usama ya yi hamdala, ya durƙusa ya sa wa matarsa takalmi. Rabi ta kau da kai, ta tashi ta nufi ƙofa, inda ta tuɓe nata takalmin tun shigowarsu, kamar yadda take yi a ɗakin kowa. Likitar ta bi sawunta da ido. Akwai ɗigon jini a kan siminti.

"Baiwar Allah, zauna in ga ƙafar."

"Kaushi ne."

"To, in ga kaushin."

Likitar ta daɗe tana dubawa da fitila. Ta ce lallen ya rufe bakin tabon, ba ta ganin inda ya tsaya, balle ta san inda za ta yanka. Ta ce Rabi ta bar lalle, ta dawo da zarar ya dushe, kada ta jinkirta.

"Yaya, tun yaushe?" Amira ta tambaya.

"Tun kafin naki."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ma wa? Wa zai arar mini mota?"

Usama ya ce shi zai kawo ta. Rabi ta ce ta san hanyar tasha.

Zuwa Juma'ar da Usama ya sa ranar sadakar godiya, lallen diddigen Rabi ya fara dushewa, tabon ya fito fili. Amira ta aiko a ce tana son a yi mata ƙunshi, kuma ba ta yarda da hannun kowa ba sai na yayarta. Rabi ta kwaɓa lalle, ta je, ta yi mata ƙafa biyu tsaf. Usama yana bakin ƙofa yana tambaya ko wurin da aka yanka yana zafi.

Rabi ta dawo gida da ƙwaryar lallen. Abin da ya rage a ciki zai ishi ƙafa ɗaya. Ta ajiye ta kusa da tabarma, ba ta zubar ba.