Ragar Injin Gangara

"A hankali, Ubaidu, ba buhun gero ba ne!" in ji Halliru, yana tallabe da gindin injin niƙan yayin da suke sauke shi daga bayan akori-kura a ƙofar gidan Inna Habi, shugabar ƙungiyar matan Gangara.

Ubaidullahi direba, wanda taubashinsa ne, ya dire nasa ɓangaren yana haki. "To, ga amaryarka nan ta iso lahiya. Saura shaidu."

Mata suka kewaye injin. Fentinsa kore ne, an rufe bel ɗinsa ruf da ragar ƙarfe, a gefe kuma an ɗaure wani ɗan allon ƙarfe da noti. Sa'adiya, 'yar autar Inna Habi, wadda ita ce za ta riƙa aiki da injin, ta sunkuya ta karanta wa sauran: "Ni, Halliru maƙeri na Sabon Birni, na ƙera wannan inji, na gwada shi, na shaida ba shi da haɗari ga mai aiki da shi."

Masu shirin tallafin da suka ba shi aikin sun gaya masa tun farko cewa babu wani jami'i da zai zo dubawa. Wanda ya ƙera shi ne zai shaida da kansa, ya sa sunansa, in wani abu ya faru shi za a nema. Tun daga ranar nan Ubaidullahi yake tsokanarsa.

"Kun ji ko, Inna? Shi na mai ƙara, shi na alƙali, shi na kuma shaida. Ni ma gobe za ni rubuta ma motata cewa birkinta na ci."

Mata suka kwashe da dariya. Halliru ya yi murmushi kawai, domin ya san aikin hannunsa. Ya naɗe igiya, ya fizga sau ɗaya, injin ya kama. Aka zuba dawa, gari ya fito da laushi, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Inna Habi ba ta yi guɗa ba. Ta jira ya kashe, ta murza garin a tsakanin yatsunta, sannan ta ƙwanƙwasa ragar.

"Aiki ya yi kyau, ɗana. Sai ka ɗebe muna wagga raga kahin ka tahi."

"Inna, ai ita ce ke tsare ku. Bel in ya kama hijabi ba ya saki sai ya kai mutum ƙasa."

"Na san wannan tun ba a haihe ka ba. Amma ta ina za mu sa bel?"

Halliru bai gane ba, sai da ta yi masa bayani. A injinan da matan suka saba da su, sai a zare bel tukuna, a ta da kan injin shi kaɗai ba nauyi, in ya kama sai a tura masa bel da hannu yana cikin gudu. Haka kowa ke yi, haka suka taras.

"Wannan ba ya buƙatar haka," in ji Halliru. "Ai kun ga na ta da shi yanzu."

"Mun ga kai ka ta da shi. Sa'adiya, ja mu gani."

Sa'adiya ta naɗe igiya, ta dafa da ƙafa, ta ja. Injin ya yi tari ya tsaya. Ta sake ja, igiyar ta fizge ta har ta kusa faɗawa kan ragar. Wata mata mai jiki ta karɓa, ita ma abin ya faskara. Nauyin dutsen niƙan yana rataye a bel, sai damtsen da ya saba da guduma.

Halliru ya tsaya yana kallon hannayensa. Duk gwajin da ya yi a shago, shi ya ja igiyar.

"Kar ka damu," in ji Inna Habi. "In ba ka son ɗebewa da hannunka, bar muna. Akwai mai faci nan bakin kasuwa, yana da sifana."

Ya ga abin da zai biyo baya sarai. Da zarar motarsu ta sha kwana za a kwance ragar, Sa'adiya ta kai hannu ga bel kullum safiya, hijabinta na reto, sunansa kuma yana manne a gefe yana cewa babu haɗari.

Ya buɗe jakar kayan aikinsa ya ɗauko sifana. Inna Habi ta gyaɗa kai, ta ɗauka ya yarda. Sai ta ga allon sunan yake kwancewa. Ya miƙa mata.

"Riƙe mani wannan, Inna. Abin da aka rubuta bai zama gaskiya ba tukuna."

Ubaidullahi ya matso, ya rage murya. "Halliru, ka san hanyar nan. Ba ni son la'asar ta same mu a kanta."

"Ba za ta same mu ba. Mai facin nan yana walda?"

Yana yi, da wani janareta mai yawan gardama. Suka tura injin a amalanke zuwa rumfarsa. Halliru ya kwance ragar, ya matso da kan injin kaɗan har bel ya saki. Ya tono cikin tarkacen mai facin ya samo wata 'yar tayar ƙarfe da guntun bututu. Ya haɗa su, ya yi wa injin wani hannu da ke leƙowa waje ta cikin ragar. In an ɗaga shi bel na sake, in an danna tayar ta matse bel, niƙa ya tashi. Ya mayar da ragar, ya ɗaure ta tamau.

Mata sun biyo su har rumfar, kowace da kwanon hatsinta.

"Malama Sa'adiya, bisimilla."

Ta ɗaga hannun, ta naɗe igiya, ta ja. Injin ya kama tun jan farko. Ta danna hannun, dutsen niƙa ya ɗauka. Ta waiwayo tana dariya, kamar ba ta yarda ita ta yi ba.

Inna Habi ta matso daf da injin yana gudu. Ta kama gefen dogon hijabinta ta watsa a kan ragar, ta ja shi sama da ƙasa, ta cusa shi ta kowace kusurwa. Hijabin ya yi ta kaɗawa, babu abin da ya kama shi. Sai da ta gamsu sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da allon.

"Ungo, maida sunanka."

Yana cikin ɗaure notin ƙarshe ta ce, "Ashe kai na ka yi na matan Kurawa? Na ga fentin iri ɗaya."

"Ni ne, Inna. Wancan watan na kai musu."

"Ƙanwata na aure can. Ta ce ragarka na da kyau ƙwarai, 'yan tsaki suka ruhewa da ita saboda shaho."

Ubaidullahi ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ranka shi daɗe alƙali, an ɗaukaka ƙara!"

Halliru ya miƙe. Ya koma cikin tarkacen mai facin yana tonawa, har ya samo wata 'yar tayar irin ta ɗazu. Ya goge ta da gefen rigarsa, ya jefa a jaka.

"Ka sha mai tun yau," ya ce wa Ubaidullahi. "Gobe da sassafe Kurawa za mu."