Kek ɗin Malam Filibus

Kek hawa uku a cikin kwali. Kwali a cikin baho. Buhu biyu jiƙaƙƙu, jarkar ruwa, wuƙa, kyandir talatin da biyar, takalmin fita a leda. Abin da Sadiyatu ta lafta wa Keke Napep ɗin Mode ke nan. Sun baro Minanata da minti goma kafin ta yarda a ranta cewa ƙanƙarar da ta zuba a bahon ba za ta kai su Kalambaina ba.

Watan Afrilu ne, ƙarfe ɗaya na rana. Sati uku ke nan da dawowarta daga Turkiyya, inda ta yi shekara huɗu tana koyon girkin otal, kuma wannan ne aikinta na farko. Malam Filibus, wanda ya koya mata lissafi a sakandare, ya ajiye alli bayan shekara talatin da biyar. Matarsa, Madam Dorcas, ta sa a yi kek na liyafar da za a fara ƙarfe biyu a Kalambaina. Ita ce shugabar zumuntar mata a majami'arsu. Duk wanda bakinta ya yaba, hannunsa ba ya rasa aiki har shekara ta zagayo.

Masu kek a Sakkwato bota suke kwaɓawa da garin sukari su shafe kek da shi, abin ya tsaya ƙyam kamar siminti, rana ta yi ta dukansa ko gezau. Sadiyatu ta ce wannan ba kirim ba ne. Ita madarar shanu ta saya wurin Fulani, ta kwashe man da ya taso a sama, ta buga shi har ya yi fari fat, ya yi sakayau. Mahaifiyarta ta leƙo ta ce a garin nan ko kwalta narkewa take yi. Sadiyatu ta ce ta ji, ta ci gaba da bugu.

Dabarar buhun ta Mode ce. Manomin shinkafa ne, da rani yake ja keke. Ya ce haka suke yi wa tulu a gona: a rufa jiƙaƙƙen buhu, iska ta yi sauran aikin. Muddin keke na tafiya ba komai, tsayawa ce ba a so. Ƙanƙara kuwa ya san mai sayarwa a Ƙofar Taramniya, minti biyu sun saya sun wuce. Ta ce to. Sai da suka karya kwana ta tuna wanda yake zama a wannan layin.

Baffa Abdulrasheed, wan mahaifinta, yana kan tabarma a ƙofar shagonsa na huluna, daidai da mai ƙanƙarar. Tun da ta dawo take cewa gobe za ta je gaishe shi. Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai bayan kwalin. Da an wuce lafiya, ba don Mode mutum ne mai ladabi ba. Ya kashe keke, ya ɗaga murya ya yi wa dattijon sallama. Baffa ya ɗago kai ya amsa, idonsa ya zarce kujerar baya.

"Wa nika gani haka? Ba ɗiyar Ɗayyabu ba ce?"

Ta sauko, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa. Ƙasa kamar tanda.

"Ashe jirgin naku sai yau yas sauka," in ji Baffa, fuskarsa a sake.

Bai ƙara komai a kan wannan ba. Ya shiga gaisuwa, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyin can. Ya tambayi mahaifinta, wanda suka yi sallar asuba tare, ya tambayi mahaifiyarta da ciwon gwiwarta, ya bi ƙannenta da suna ɗaya bayan ɗaya. Tana amsawa da lafiya lau, kunnenta na kan ɗigar ruwa daga gindin keken. Sau biyu maganar sauri ta zo mata baki ta haɗiye. Wanda ya makara sati uku ba shi da bakin cewa yana sauri.

"Madalla. Shiga ki gai da Gwaggonki."

A cikin gida Gwaggo Zulaihatu ta rangaɗa guɗa, ta juya ta gaba da baya, ta ce ta rame, ba sa ba mutum abinci a can ne? Aka damo fura a ƙwarya. Ba a ƙin furar Gwaggo, ba a kuma kurɓa sau ɗaya a ajiye. Da ta ji kek mai kirim ne a cikin keken, Gwaggo ta riƙe haɓa. Ta ce ita kirim da ta sani shi ne na shafa wa faso, da wanda 'yan mata suke ɓata fuskarsu da shi, da launin shaddar da Baffa yake so. Yanzu kuma har ci ake yi? Duniya ta zo da sauƙi. Tun da maganar ta taso, tana fata ba a manta da dugaduganta a tsaraba ba. Sadiyatu ta ce yana gida, babbar kwalba. Gwaggo ta ce to a kawo da ƙafa, kar a aiko.

Da ta fito zaure, keken ba ya inda ta bar shi. Yana can ƙarshen layi yana juyowa. Mode ne, ya sayi ƙanƙarar, ya sake jiƙa buhunan, yana kai da kawowa a hankali daga masallaci zuwa famfo don iska ta samu kwalin. Masu shaguna sun fito suna kallo. Baffa ya tambaye ta a hankali ko mutumin nan yana da lafiya.

Ta faɗa masa gaskiya, har da sunan mai liyafar. Baffa ya ce ai Malam Filibus shi ya fitar da Abdulshakur ɗinsa daga jakanci, ba za a je masa hannu rabbana ba. Ya shiga shago zaɓen hula. Ya ɗauko wannan ya mayar, ya tambaye ta girman kan Malam, ya gwada biyu a nasa kan. Sannan ya yi addu'a, doguwa, Mode yana amsa amin daga kan keke bai kashe inji ba.

Hanyar Kalambaina manyan motocin siminti ne da ramuka. Sadiyatu ta rungume kwalin, ba ta buɗe ba. Babu amfani. Wani farin ruwa ya riga ya sami hanya ta kusurwa yana bin hannun rigarta. Mode ya waiwayo sau ɗaya, ya gani, bai sake waiwayowa ba.

Biyu da rabi suka isa. An kafa rumfa, kujeru sun cika, mata sun sha anko, 'yan kwayar majami'a suna gwada murya. Madam Dorcas ta hango su, ta yi musu nuni su bi ta baya. Suka sauke bahon a kicin, Mode ya fice da saurinsa.

Sadiyatu ta ɗaga murfin. Hawa na sama ya zame ya jingina da kwali. Sunan Malam da ta rubuta a kai ya bi ruwa. Abin ya yi kama da katangar ƙasa bayan ruwan Agusta.

"Mama, laifina ne," in ji ta. Ta ba da labarin a taƙaice: madarar, ƙanƙarar, Baffa. Ba ta nemi uzuri ba.

Madam Dorcas ta matso kusa da kwalin. Ta sa yatsa ta laso, ta tsaya. Ta sake lasowa, wannan karon har da gutsuren kek. Shekararta talatin a Sakkwato, ita ma ta taɓa ƙona tukunyar shinkafa a kan gaisuwar maƙwabta.

"Kin dai gaishe shi da kyau?"

"Na gaishe shi, Mama."

"To."

Daga waje wani ya ƙwala kira cewa mai hoto yana jiran kek. Madam Dorcas ta leƙa ta taga ta ce ya fara da tsofaffin ɗalibai, suna da yawa. Ta kira 'yarta Peace ta ce ta kwaso ƙananan kofunan nan duka kwali biyun, da cokula. Da Peace ta shigo da su, sai Madam ta tura ƙofar kicin ta murza makulli.

"Ba wanda zai gan shi a haka," in ji ta, tana miƙa wa Sadiyatu ludayi. "A kofi za mu raba. Duk wanda ya tambaya, haka ake cinsa a Turkiyya."