Muryar Nives

Faifan fim ɗin ya iso da safiyar Litinin, ana ta yayyafi a Torino. Ottavio Brancaleoni ko kofinsa bai ƙarasa ba ya yage takardar.

Shekara talatin ke nan yana rubuta wa wata ƙaramar mujalla sharhin tsofaffin finafinan ban tsoro. Amma wannan daban ne. Labari uku ne a cikinsa, kuma muryar macen da ke na ukun ta marigayiya matarsa ce, Nives. A zamaninsu hoto kawai ake ɗauka, daga baya a kawo wasu su ɗora murya, ba a kuma sa sunayensu. Tsohon kaset ɗinsa na fim ɗin ya cinye har ba a jin komai sai shuu. Da ya ji labarin an gyara fim ɗin, da hannunsa ya jefa kaset ɗin a shara.

Ya kira amininsa Gualtiero, wanda a da aikinsa ke nan, naɗar sauti.

"Kai tsoho, har da ɗaura nakatayel a wuya?" in ji Gualtiero daga bakin ƙofa. "Kallo za mu yi ko zance za ka je?"

"Zauna ka rufe min baki."

Suka tsallake labari biyu. Na ukun ya fara: wata tela ce da ake kawo wa ɗinkin likkafanin mutanen da ba su riga sun mutu ba. Hoto tas, har zaren allura ana gani. Telar ta ɗago kai, ta buɗe baki.

Ottavio ya sandare. Muryar wata yarinya ce, siririya, mai santsi.

"Ka taɓa wani abu ne?" in ji Ottavio.

"Me zan taɓa?" Gualtiero ya jawo kwalin, ya ɗora tabarau, ya bi ƙananan rubutun da yatsa. "Sun ce zaren sautin labari na ukun ya ruɓe a ma'ajiya. Sabo suka naɗa."

"Ba su nemi mai muryar ba?"

"Su neme ta da wane suna, Ottavio? Ni na naɗe ta, ni kaina ban rubuta ba. Haka muke yi a lokacin." Ya sauke murya. "Ɗauko kaset ɗinka. Ina da na'ura a gida, zan iya tsamo wani abu."

Ottavio ya dubi taga. Motar shara ta wuce tun ranar Alhamis.

Wayar ta yi ƙara. Editar mujallar ce, tana son sharhin kafin azahar. Ya ce mata to.

Ya kashe sautin, ya mayar da fim ɗin baya, ya rufe ido yana jiran Nives ta faɗi jimlar farko a cikin kansa, yadda ta saba, da 'yar dusashewar nan ta masu shan taba. Ya san kalmomin duka. Suka zo ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ɓace, amma da muryar yarinyar.