Yatsu Uku a Gefen Dama

Halimatu Sa'adiya ta ja tagar rubutu da linzamin kwamfuta zuwa saman allon, ta saki. Tagar ta baje ta cika allon tsaf, gefe zuwa gefe.

"Baba, ka gani? Ta gyaru."

Malam Badamasi ya gyara zaman tabarau, ya leƙa, ya ce, "Uhm." Daga nan ya ɗauki rediyonsa ya fita zaure.

Uhm kawai! Asabar guda ta ɓata, tun daga Ƙanƙara inda take aikin kwamfuta a wata makaranta ta hawo mota zuwa Faskari, don wannan gyara. Ita ta ɗora wa tsohuwar kwamfutar manhajar kyauta, irin wadda duk mai iyawa yake sa hannu ya gyara. Amma manhajar tana da wata cuta: in aka ja taga don ta manne ta cika allo, sai ta bar fili a dama, faɗin yatsu uku. Abin ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya. Yau ta gano bakin zaren: manhajar tana ware wuri ne don wani jerin maɓallai da ba ya nan. Layi biyu ta canza a rubutun manhajar, har ta aika wa masu kula da manhajar, wani daga wata ƙasa ya yi mata godiya.

Shi kuwa wanda aka yi dominsa yana zaure yana jin labarai.

Hankalinta ya tashi. Tun rasuwar Inna bara, Baba ya zama mutum mara magana, sai zama da kallon bango. Kwamfutar nan ce ta dawo da shi. Tsohon malamin gona ne, kullum da hantsi yakan zauna da yatsa ɗaya yana rubuta abin da ya sani game da masara da dawa a ƙasar Mairuwa. Shafi tamanin ya yi. In ya ajiye rubutun nan, ta san abin da zai koma.

Bayan azahar ta kai masa fura.

"Baba, yau ba a taɓa littafi ba."

"Uwata, ido ne ya gaji." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Ko gyaran ne bai yi maka ba?"

"Wa ya ce? Gyara ya yi kyau. Ke da kika yi karatun abin." Ya juya ludayi a kwano. "Da dai can ma cutar ba ta tsare ma kowa komai ba."

Ta san halin tsohon. Ya gwammace ya shekara da ƙaya a ƙafa da ya ce ɗiyarsa ta yi kuskure.

Ta koma ɗaki ta zauna gaban allon, tana jan tagar tana saki, ko akwai abin da ya karye. Babu. Da ta gaji sai ta rufe tagar gaba ɗaya, hoton bangon allon ya bayyana. Ita ta sa shi da kanta: gonarsu ta Mairuwa ranar girbi, masara tsibi-tsibi, Baba a tsakiya yana dariya. Ta gan shi sau ɗari.

Yau ne idonta ya kai can ƙarshen dama. Wata mata ce tsaye da faifai a hannu, ta ɗan kau da kai, rabin fuskarta kaɗai ya shiga. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, wannan ma tsautsayi ne ya shigo da ita. Halimatu ta ɗora yatsu uku a kan allon. Daidai.

Ashe shafi tamanin ɗin nan ba shi kaɗai ya rubuta su ba. Kuma mutumin da ya shekara arba'in bai kira sunan matarsa a gaban 'ya'ya ba, yaya zai buɗe baki ya ce an rufe masa ita? Ta yi dariya, hawaye na zuba. Tausayinsa ya kama ta, da kewar Inna.

Gyaran da ta aika wa duniya ta bar musu abinsu. A wannan kwamfutar kuwa ta ƙara layi guda: duk tagar da ta manne, ta bar yatsu uku a dama. Ta ma ƙara rabin yatsa, don faifan ya fito.

Da la'asar ta leƙa zaure.

"Baba, ka yi haƙuri. Cutar nan ta dawo, ta fi ƙarfina."

Ya taso da sauri fiye da yadda gwiwoyinsa suka saba yarda. Ya zauna, ya ja tagar, ya saki. Ya daɗe yana duban gefen dama. Ya ga ƙarin rabin yatsan, ta san ya gani, amma ko waiwayowa bai yi ba.

"To, ai kowa da iyakar iliminshi," in ji shi, yana laluben harafi da yatsa ɗaya. "Allah shi yi maki albarka, Uwata. Kar ki ƙara wahalar da kanki a kanta."